Jiminar da Aka Shafe

A shekarar 1982, duk direban da ke bin hanyar Gusau zuwa Gummi ya san rumfar Namadi mai zane. Tana bakin tashar Anka, a ƙarƙashin wani tsohon dogonyaro, da gwangwanayen fenti jere a gabanta. Namadi ya ba arba'in baya. A Gusau ya koyi aikin wajen wani Bayarabe mai rubuta allunan shaguna, ya dawo gida ya kafa tasa rumfar. Yana rubutun boko, yana na ajami, amma abin da ya fito da sunansa shi ne zanen jikin manyan motoci masu bodin katako.

Yana da tsarin da ba ya canzawa. Ba ya taɓa buroshi sai ya zaunar da mai aiki a benci ya yi masa tambayoyi: me kake ɗauka, wace hanya kake bi, wa kake so ya gane ka daga nesa. Daga nan ya yi zane iri uku da fensir a takardar buhun siminti, mutum ya zaɓa. Wanda aka zaɓa shi zai fitar da alli a jikin katako, a ja da baya a duba, a gyara, kafin fenti ya hau. Direbobi kan yi masa tsiya, su ce tambayarsa ta fi ta alƙali, amma dai wurinsa suke dawowa.

Wata Talata da hantsi, ana cikin kaka, wata babbar mota ta shigo tashar. Ba ta tsaya inda motoci ke tsayawa ba, sai ta zagaya can bayan rumfar, ta raɓe jikin kangon wani injin niƙa. Direban ya sauko, dogo ne siriri, da hula ya ja ta har girarsa.

"Kai ne Namadi?"

"Ni ne. Sannu da isowa."

"Magaji sunana. Motag ga nika so a sake ma riga gaba ɗai. Kwana biyu."

Namadi ya nuna masa benci. Magaji ya zauna a ɗofane, kamar wanda ke jiran a kira shi.

"Mi kaka ɗauka da ita?"

"Kaya."

"Wane irin kaya? Hatsi, shanu, ko mutane ranar kasuwa?"

"Duk abin da ya samu."

"Wane suna za a rubuta a goshinta?"

"Kar a sa suna."

Namadi ya ɗago kai. "To hoto fa? Akwai zaki, akwai doki, akwai jirgin sama."

"Ba hoto. In ya zama dole, sa irin abin da kowa ka sawa. Abin da in mutum ya gani ba ya riƙe shi a ka."

Shekara goma sha bakwai Namadi na wannan aiki, bai taɓa jin irin wannan buƙata ba. Direba na zuwa ne don a san shi. Akwai wanda ya taɓa sa shi ya ƙara wa zaki haƙora har sau biyu don kada a haɗa motarsa da ta wani. Yau ga mai son a manta da shi. Da Namadi ya ce aikin ba zai kammala ƙasa da kwana biyar ba, Magaji ya yi ta ja har suka tsaya a huɗu. Amma da aka zo maganar ladan aiki, ko tayi bai yi ba. Wannan ma ya tsaya wa Namadi a rai.

Bayan Magaji ya tafi masaukinsa a cikin gari, Namadi ya zagaya motar yana shafa katakon. Gefunan sun koɗe kamar na kowace mota da ta sha rana. Marfin baya ne daban. An lafta masa baƙin fenti, aikin gaggawa, irin na wanda bai taɓa riƙe buroshi ba, har ya zuba ya yi layi-layi. Ya danna da farce, ya ji bai gama bushewa ba. Ya jiƙa tsumma da kananzir ya goga a wani gefe. Baƙin ya tashi, ruwan hoda ya bayyana, siriri, a lanƙwashe. Ya ƙara gogawa. Wuyan tsuntsu ne. Ya tsuguna ya goge kusurwar ƙasa ta dama, inda yakan sa hannu a duk aikinsa, sai ga 'yan ƙananan baƙaƙe: Namadi Anka.

Nan take ya gane motar. Shekara uku da suka wuce ya zana wannan jimina wa Alhaji Ɗanmusa, wani mai fataucin hatsi a Gummi. Bai manta ba, domin Alhajin kwana biyu ya yi zaune a wannan benci suna gardama a kan ƙafafun tsuntsuwar, shi lallai sai ta fito tana gudu. Tun daga lokacin mutane ke kiran motar Jiminar Gummi. Mutumin da ya yi wannan gardama zai yarda a shafe ta da baƙin fenti?

Sata ce, abin da ya fara zo masa ke nan. Ya shiga rumfa ya buɗe akwatin da yake adana tsofaffin zane, ya tono takardar jiminar. A gefenta ya rubuta lambar motar tun wancan lokaci. Ya fita ya gwada da wadda ke jiki. Ita ce, ba a taɓa ta ba. Ya tsaya da takarda a hannu. Ɓarawon mota ai lamba yake fara cirewa, ba hoto ba.

Ya ja tampol ya rufe marfin, ya zauna ya yi zanensa uku kamar yadda ya saba. Na farko da furanni da taurari, na biyu da layuka kore da fari, na uku kuwa shuɗi ne zalla da siririn layi ɗaya, abin da shi kansa kunya yake ji ya nuna wa mutum.

Washegari Magaji ya zo. Bai ko kalli biyun farko ba, ya ɗora yatsa a kan na uku.

"Wanga. Kuma da baya za ka fara."

"Baya na da ɗanyen fenti, sai ya sha iska. Wa ya shafa shi haka?"

"Haka na same ta."

"Saye ka yi ke nan?"

Magaji ya dube shi. "Malam Namadi, fenti na zo yi, ba shari'a ba."

"Allah ya ba ka haƙuri. Shuɗina ma ya ƙare, gobe sai na nemo."

Ƙarya ya yi, akwai gwangwani biyu a ƙarƙashin tebur. Ya yini yana kankare gefunan motar, Magaji na zaune a inuwar kango, duk motar da ta shigo tasha sai ya juya baya.

Da la'asar Namadi ya gaya wa matarsa Bilkisu abin da ke ciki. Tana tankaɗe, ta tsaya.

"In ta sata ce, kai za a fara kamawa," in ji ta. "Hannunka na jikin tsohon zane, hannunka na jikin sabo. Wa zai yarda ba da kai aka yi ba? Ka tahi Gummi ka ji daga bakin mai ita."

Da ma yana da allon wani mai gyaran rediyo na Bukkuyum da ya gama bai kai ba. Ya ɗaure shi da igiya, da sassafe ya shiga motar Gummi.

Ya tarar da Alhaji Ɗanmusa a ƙofar sitonsa, ana auna gero. Alhajin na ganinsa ya washe baki, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa da fura.

"Malam Namadi da kanka! Ina jiminata? Halan kun gama?"

Namadi ya ajiye kwanon a hankali. "Alhaji ne ya aiko da motar?"

"Ni ne mana. Magaji ai ƙanen mai ɗakina ne, shi ka jan ta bana. Shi ya ce mani tsuntsuwar ta koɗe, ya kamata a sabunta ta kamin jigilar kaka ta yi ƙarfi. Na ce ya kai ma wanda ya haife ta. Ka dai kula da ƙafafun nan, kar ka tsai da ita."

Ashe ba sata ba ce. Amma hankalin Namadi bai kwanta ba, ƙara tashi ma ya yi. Mai mota na cewa a sabunta, direba na cewa a shafe. Ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi, ko kuma bakinsu ɗaya. Ya riƙa satar kallon fuskar Alhajin. Wannan fara'a ta gaskiya ce, ko ta wanda ya shirya amsarsa tun kafin a tambaye shi? Mai dukiya ya iya aika wani ya yi masa aikin da ba ya son sunansa a ciki. Maganar ta zo masa har baki, ya haɗiye ta.

"Ranar Asabar in sha Allah," ya ce.

"Da kaina zan zo in gani."

Daga nan ya ratse Bukkuyum. Ranar kasuwa ce, gari ya cika. Ya hau kan benci yana kafa allon a goshin rumfar mai rediyo, allon da ya zana wa hoton rediyo da eriyarta a miƙe. Wata Bafillatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta a gefe tana kallo. Ba yarinya ba ce, ta manyanta. Sai da ya sauko ta matso.

"Malam, kai ka yin hotunan ga?"

"Ni ne."

"Har na jikin mota?"

"Har su."

Ta ce sunanta Dija, rugarsu na can yamma da gari, kusa da babbar hanya. Ta rage murya. "Ka san wata mota mai tsuntsu a baya? Mai dogon wuya, da ƙafafu awa na raƙumi, yana gudu?"

Namadi ya matso kusa. "Mi ya faru?"

Kwana tara ke nan, in ji ta, da sanyin safiya, mijinta Dikko na tsallakar da shanu hanya, ita tana baya da ƙwarya. Mota ta fito daga kwana a guje. Ta kashe saniya biyu nan take, ta yi jifa da Dikko cikin kwalbati. Cinyarsa ta karye. Motar ba ta tsaya ba. Ita ba ta san lamba ba, ba ta iya karatu, tsuntsun kawai ta gani yana tafiya. Sun kai magana wurin ardo, ardo ya sa an tambaya a tashoshi, amma da an ce tsuntsu sai mutane su yi shiru, wasu su yi dariya.

"Mai ɗori ya ɗaure ta, amma ƙafar sai kumbura takai. Ba ya barci, ba ya cin abinci."

"Motoci suna da yawa, Inna," in ji Namadi. Shi kansa ya ji yadda muryarsa ta fita. "Allah ya ba shi lahiya."

Ta dube shi, duban da ya fi tsawon yadda ya kamata, sa'an nan ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga kasuwa. Duk tsawon hanyar Anka wannan kallo ne a idonsa.

Ya iso da sauran rana. Bai shiga gida ba, ya wuce bayan rumfa, wannan karon gaban motar ya nufa. Fitilar hagu sabuwa ce fil, ta dama tsohuwa. An buga ƙarfen gaba da guduma an miƙar da shi, amma bai koma daidai ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa. A tsagar ƙarfen akwai 'yan farin gashi maƙale.

Ya ɗauko sufana ya kwance marfin baya, ya kira wani ɗan dako suka kinkima zuwa zauren gidansa. Can ya zauna da galan na kananzir da tsummoki har ya wanke baƙin tas.

Ranar Juma'a da safe Magaji ya zo ya ga bayan mota a buɗe.

"Ina marfin?"

"Yana gidana. Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Wa ya ce ka cire shi?"

"Jiya na je Gummi, na ga Alhaji. Na biya Bukkuyum kuma."

Magaji ya tsaya cik. Ya waiga dama da hagu, ba kowa kusa sai mai shayi can nesa. Ya matso har Namadi na jin numfashinsa.

"Kai mai fenti ne. Ka yi fentinka ka karɓi abinka. Wanda duk ya sa baki a abin da ba nashi ba, shi ka kwana ciki."

Namadi bai matsa ba. "Aiki biyu anka ba ni a mota ɗaya. Kai ka ce a shafe, mai mota ya ce a sabunta. Na mai mota zan yi."

"To ka kashe ni ke nan." Muryar ta canza, ta yi ƙasa. "Ka san mi Fulani za su yi mani in sunka gane? Wallahi ban gan su ba sai da na fito kwana. Na taka burki, kaya sun yi nauyi. Na duba madubi na ga mutum kwance ba ya motsi. In na tsaya, sandunansu za su gama da ni. Rai fa na ɗauka, Malam. Kwana goma ban runtsa ba."

"Bai mutu ba."

"Mi ka ce?"

"Dikko sunanshi. Cinya ta karye, shanu biyu sun mutu. Yana nan kwance, ƙafa na ruɓa, ba mai kai shi asibiti."

Magaji ya lalubi benci ya zauna. Ya cire hular ya rufe fuska da ita, yana kuka. Namadi ya tsaya yana kallonsa, bai san ko ya yarda da wannan kuka ba. Mutumin da ya yi masa barazana yanzu-yanzun nan, yana iya yin kuka ma don a sake shi ya tayar da mota ya nufi Nijar.

"Alhaji ya sani?" ya tambaya.

"Bai sani ba. Na rantse."

"Gobe zai zo. Ka tahi yau ka faɗa mashi da bakinka. In ya iso bai ji ba, ni zan faɗa, a gabanka. Marfi kuwa ba ya barin gidana sai a hannun mai shi."

Magaji ya tashi ya fita. Makullin motar na aljihunsa. Namadi ya yini yana leƙen bayan rumfa, ko sallar Juma'a a gurguje ya yi ya dawo. Motar na nan. Tsakanin leƙe da leƙe ya shiga zaure ya bi jiminar da sabon fenti, fari da baƙi da ruwan hoda, layi bisa layi, bai canza kome ba.

Asabar da hantsi wata ƙaramar mota ta tsaya gaban rumfa. Alhaji Ɗanmusa ya fito, Magaji na bayansa, kai a sunkuye. Babu fara'ar ranar nan. Alhajin ya ce a mayar da marfi. Aka ɗaura, ko kallonsa bai yi ba. Ya ce Namadi ya shigo su tafi, tunda shi ya ga matar. Babbar motar ta biyo su a baya.

Ba rugar suka fara zuwa ba, gidan ardo suka sauka. Aka daɗe ana magana a zaure. Samarin Fulani suka taru a waje da sanduna, ardo ya fito sau biyu yana kora su. Daga baya aka ɗunguma zuwa rugar. Dija na ganin bayan motar ta saki muciyar da ke hannunta, ta nuna jiminar da yatsa. Da idonta ya faɗa kan Namadi, ta gane shi, amma ba ta gaishe shi ba.

A cikin babbar motar aka shimfiɗa katifa aka ɗauki Dikko zuwa asibitin Gusau, wani direba daban ya ja. Ƙafar ta tsira, sai dai da ɗingishi ya tashi, bai ƙara bin shanu nesa ba. Alhaji ya mayar da saniya biyu, ya ɗauki nauyin jinya. Magaji kuwa aka karɓe makulli daga hannunsa, ya koma auna hatsi a sito.

A ranar, da suka dawo Anka, Alhajin ya riƙe Namadi a gindin dogonyaro.

"Tambaya ɗaya gare ni. Ka zo gidana, ka zauna bisa tabarmata, ka sha furata. Ka san an shafe zanen. Don mi ba ka faɗa mani ba?"

Namadi ya so ya ce bai tabbatar ba ne a lokacin. Amma ya gaji da kwana-kwana.

"Na zaci da saninka, Alhaji."

Alhajin ya daɗe yana dubansa. "Shekara uku da sanina, abin da ka ɗauke ni ke nan?"

"Ka yi mani aikin gafara."

"Ba kome. Ka yi abin da ya dace." Ya shiga mota, bai ba shi hannu ba.

Labari ya bazu a tashoshi, kowa da yadda ya ji shi. Wasu suka ce Namadi ya ceci rai. Wasu direbobi suka ce mai zanen Anka leƙen ƙarƙashin mota yake yi, in ka kai masa aiki sai ka shirya amsa tambayar 'yan sanda. Kakar nan duka motoci uku kacal ya samu, ya koma rubuta allunan makarantu da na masu kemis har kasuwa ta dawo. Bayan shekara biyu Alhaji Ɗanmusa ya sayi sabuwar mota. Ta gaban rumfar Namadi aka wuce da ita da farin katakonta, aka kai ta Gusau aka zana.